Dutse na Uku a Murhun Wasila

Ku yaran yanzu ba ku da kunne, hannu gare ku da baki. Abin da idonku ya gani sai hannunku ya kai gare shi. Abin da babba ya hana sai kun nemi dalili, in bai ba ku dalilin ba ku ce tsufa ke damunsa. Kuna fita cirani ku faɗa ƙasar mutane kamar kun shiga ɗakin uwarku, ba sallama, ba tambayar abin da ake yi da abin da ba a yi a wurin. To ku natsu ku ji abin da ya sami gidan Nafi'u na Dogarawa. Yana nan da ransa. Wanda ya ce ƙarya ce ya je ya gan shi.

Abin ya fara ne wata yamma ta bazara. Rana ta yi ƙasa, zafi bai tafi ba. Awaki sun dawo sun kwanta gindin rumbu, ba mai ko motsa kunne. Shatu, uwar Nafi'u, tana zaune bisa tabarma da carbinta. Wasila matarsa tana tankaɗe a ƙofar ɗaki. Ɗiyarsu Hanifa, yarinyar da a shekarar nan ta fara cika azumi, ta durƙusa gaban murhu za ta hura wutar tuwo. Shi kuwa maigidan ya miƙe ƙafa bisa kujera yana ba da labarin jirgi, labarin da tun dawowarsa daga cirani bai bar kowa ya huta da shi ba.

A Yamai ya samu aikin. Ya fara da wankin kwanoni a wani gidan abinci, ya koyi girkin Nasara, sai aka ɗauke shi kuku a wani dogon jirgin katako mai inji da rumfar tabarmi. Jirgin yana ɗaukar Nasaru masu yawon buɗe ido ya gangara da su kogi har Gaya, ya juyo ya ɗauki wasu. Duk lokacin ɗari a bisa ruwa ya yi shi. Wurinsa can baya ne kusa da inji, inda aka yanka ganga rabi, aka cika ta da rairayi, aka dasa duwatsu uku a ciki. Nan ne murhunsa. Shi ke riga kowa tashi, tururi na kwance bisa ruwa, ya dafa kafe, wato kofi, ya ɗumama burodin da ya fara tauri. Wani dogon mutum Jibo yana tsaye a goshin jirgi da gora, yana taɓa ƙasan ruwa yana kiran zurfinsa da Zabarmanci. Tsoho Hamani mai jirgin yana baya riƙe da inji, ba ya magana sai ta kama. Nasaru kuwa suna kwance bisa katifu, rana ta mai da su jajir, suna kallon tsuntsaye da madubin hangen nesa kamar ba su taɓa ganin balbela ba. In Sarkawa masunta sun matso da kwale-kwalensu a sayi giwan ruwa yana numfashi. In an hango kunnen dorina a kashe inji, kowa ya kame bakinsa har a wuce. Tsakanin girki da girki Nafi'u ya ɗauki ƙwarya ya kwashe ruwan da ke tsattsafowa ta tsakanin katakai. Da yamma a ɗaure jirgi a bakin wani tudun rairayi, a kafa wa baƙi tantuna, shi kuma ya goge tukwane da rairayi har su yi ƙyalli.

"Inna, ko salla daban take can," in ji shi. "Ka kabbarta kana dubin gabas, kogi ya yi kwana, kafin ka sallame kana dubin kudu."

Shatu ba ta ɗaga kai ba. "To wagga salla wa ka ba ita? Mutanen kudu?"

Wasila ta rufe baki da gefen zane tana dariya. Nan Hanifa ta ɗago daga murhu, idonta ya yi ja don hayaƙi.

"Kaka, wutar ga ta ƙi."

"Ƙyuyarki ce ta ƙi, ba wuta ba. Hura."

"Wallahi na hura. Dutsen ga ne, gumi yake."

Dutsen da take nufi yana cikin tsarabar da Nafi'u ya dawo da ita, tare da atamfa da sabulu. Baƙi ne wuluk, sumul kamar an shafa masa mai, girmansa kamar kabewa matsakaiciya. Ya ce duk tafiyar a kansa ya yi girki bai ko tsage ba. Ɗaya daga cikin duwatsun murhun Wasila ya daɗe da fashewa, sai ta ji daɗi ta dasa wannan a gurbinsa.

Wasila ta ajiye rariya ta leƙa. Ruwa ne ke fita daga jikin dutsen, ɗigo bayan ɗigo, yana gangarowa cikin toka yana kashe garwashi. Ta kai hannu za ta taɓa, ta fasa. A daidai lokacin ladan ya ɗaga murya, kuma wani abu ya faɗo cikin tukunyar ruwan tuwo, ƙwal.

Shatu ta sa hannu ta ciro shi. Tsakuwa ce mai santsi, gansakuka kore shar a manne da ita, tana warin kifi. A Dogarawa, a tsakiyar bazara, inda ko rijiya sai an ƙara wa guga igiya.

Nafi'u ya janye ƙafarsa daga bisa kujera. Labarin jirgi bai ƙara fita daga bakinsa ba.

Daga ranar magariba ta zama abin tsoro a gidan. Da zarar inuwar katanga ta kai bakin murhu, sai tsakuwa ta fara sauka, bisa kwanon ɗaki, cikin akushi, cikin randa. Ba ta taɓa samun mutum ba, amma kusa da ƙafarsa take faɗuwa, kullum jiƙe, kullum da sanyi. Da farko maƙwabta sun ce yaran unguwa ne. Maza suka hau katanga suka tsaya suna dubawa ta ko'ina, ba su ga kowa ba, tsakuwa kuwa tana sauka a bayansu daga sararin sama. Suka sauko a hankali, kowa ya tafi gidansa bai yi wa ɗan'uwansa sallama ba.

Sai ƙara ta biyo baya. Daga bayan rumbu, inda ba komai sai turken jaki, a riƙa jin tuk-tuk-tuk a hankali, kamar inji can nesa bisa ruwa. Wani lokaci a ji muryar namiji yana kira da wani harshe, ya yi shiru, ya sake kira. Wasila ta tambayi mijinta ko ya gane abin da ake faɗa. Ya ce bai gane ba. Ya gane sarai. Muryar Jibo ce yana kiran zurfin ruwa.

Hanifa ce ta fara sauyawa. Tafiyarta ta koma ta mai buɗe ƙafafu, tana dafa bango kamar ƙasa na lilo da ita. Ta bar zuwa lakwal, makarantar boko. Ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta zauna tsakiyarta, ba ta yarda ko yatsanta ya wuce gefe. Wata yamma Shatu ta zauna kusa da ita ta miƙe ƙafa har diddigenta ya taɓa ƙasa. Yarinyar ta cafke ƙafar da ƙarfin da ba na yarinya ba.

"Ki janye, Kaka. Akwai kada nan."

Tana ɗaukar ƙwarya ta riƙa kwasar iska daga bisa tabarma tana zubarwa gefe, har hannunta ya gaji. Tana goge kwanoni da rairayi, ta kife su ta ɗora musu dutse don kada iskar kogi ta ɗauke, yadda ubanta ke yi a jirgi, abin da bai taɓa faɗa a labarinsa ba. In ta tsaya salla sai a ga tana juyawa kaɗan-kaɗan, ƙafafunta ba su motsa ba, har ta sallame tana duban kudu. Wannan karon ba wanda ya yi dariya.

An kai ta wurin lokotoro a Malbaza. Ya duba ya ce ba zazzaɓi, ya ba da ƙwayoyi. Ƙwayoyin suka ƙare, yarinya tana ramewa. Tufafinta kullum jiƙe suke, leɓɓanta kuwa sun bushe sun tsage. Sannan wani tabo ya fito a tsakiyar bayanta, zagayayye, ja, ya yi ƙuraje masu ruwa irin na ƙuna.

Ranar da hankalin kowa ya tashi, Wasila ta shiga ɗaki ɗauko gishiri ta fito ba ta ga yarinya ba. Tabarma na nan, ƙwarya na nan. Aka bazu nema. Mata masu ɗiban ruwan yamma ne suka same ta zaune a bakin rijiyar bayan gari, ƙafafunta a ciki suna lilo, tana duban ƙasa tana murmushi kamar mai sauraron kira. Sai da mata da yawa suka taru kafin su janye ta. Daga ranar Shatu ta ɗaura igiya a ƙafar jikarta, ɗaya bakin a tata ƙafar.

Tsohuwa ba ta da karatu, amma tana da ido. Ta lura yarinyar tana yini shiru, sai an samu an hura wutar murhu da ƙyar ta fara ihu tana gantsarewa tana neman kai hannu bayanta. In wuta ta mutu, ihu ya mutu. Shatu ta kira ɗanta bayan ɗaki.

"Dutsen ga, ina ka samo shi?"

"Kasuwar Gaya na saye shi, Inna."

"Dube ni. Wa ke sayar da dutse kasuwa?"

"Can ana sayarwa."

Ku ji fa. Ɗiyarsa na ƙonewa a gabansa, uwarsa na tambayarsa, amma kunyar a ce ya yi wauta ta fi masa nauyi. Haka kuke dukanku.

Shatu ta juya ta bar shi nan. Da safe ta sa aka cire dutsen, aka ɗora a amalanke aka kai can bayan gonaki aka jefa cikin kwazazzabo. Da yamma inuwar katanga ta kai bakin murhu, Wasila ta fito da itace, ta saki itacen ya zube. Dutsen na nan a gurbinsa, yana ɗigar da ruwa.

Washegari Shatu ta aika garin Tajaye a ɗauko Malam Iliyasu, mai yi wa masu aljanu karatu.

Bayan la'asar ya iso a bayan babur ɗin kabu-kabu. Tsoho ne siriri, rigarsa ta sha wanki, ba shi ɗauke da komai sai carbi da buta. Bai tambayi mara lafiya ba. Ya tsaya a tsakar gida ya shaƙi iska, ya dubi murhu ya daɗe yana dubansa, sannan ya dubi Nafi'u. Nafi'u ya sunkuyar da kai.

Malam ya yi alwala. Ya sa aka sallami maƙwabta, aka rufe ƙofar zaure. Ya ce Wasila ta riƙe kan yarinyar, Shatu ta riƙe ƙafafu.

"Kai kuma zauna can," ya ce wa Nafi'u. "Duk abin da ka ji, kada ka tanka. Ko an kira sunanka, kada ka amsa. Ka ji ni?"

"Na ji, Malam."

Ya zauna a gefen tabarma ya fara karatu, murya ƙasa-ƙasa, ba gaggawa. Rana tana sauka. Kaji suka hau makwancinsu tun lokaci bai yi ba. Tsakuwa ta faɗo ɗaya, ta biyu ta biyo ta, sannan ta tsaya. Iska ta ɗauke gaba ɗaya. Warin laka da kifi ya cika gidan har Wasila ta fara tari. Tabarmar da suke kai ta jiƙe, ruwa yana tsattsafowa daga ƙarƙashinta, daga busasshiyar ƙasa.

Jikin Hanifa ya saki. Idanunta suka buɗe, ba baƙi a cikinsu. Muryar da ta fito ta tsohuwar mace ce, mai kauri, tana gurgura kamar ana magana ta cikin tulu.

"Ya isa, Malam. Na zo."

Wasila ta fara salati, amma ba ta saki kan ɗiyarta ba.

"Wace ce ke?"

"Sunana ba naka ba ne. Ni ta kogi ce."

"Mi ya kawo ta kogi ƙasar da ba ruwa?"

"Tambayi kuku."

Kan yarinyar ya juya a hankali har fararen idanun suka tsaya a kan Nafi'u.

"Ke nake tambaya," in ji Malam. "Faɗi."

Ta faɗa, a hankali, tana tsayawa tana jan numfashi. Akwai wuri a kogin inda ruwa ke matsewa tsakanin duwatsu, da wani ɗan tsibiri na baƙaƙen duwatsu a tsakiya. Duk mai jirgin da ya san kansa yana kashe inji a nan, ya yi bisimilla, ya bar ruwa ya wuce da shi. Ba a sauka, ba a kunna wuta, ba a ɗaukar ko tsinke. Hamani ya gaya wa kowa tun kafin a iso, har Nasaru sun ajiye madubansu. A ranar kuwa ɗaya daga cikin duwatsun murhun jirgi ya fashe. Da jirgi ya gogi gefen tsibirin, Nafi'u ya miƙa hannu ya ɗauke dutse. Hamani ya gani, ya ce ya mayar tun ba a yi nisa ba.

"Mi ka ce mishi, kuku?" Muryar ta sauya ta koma ta Nafi'u sak, har da dariyarsa. "Baba Hamani, dutse fa? Mu garinmu tsince shi muke daga gona muna zubarwa, har hannu ya yi kanta." Ta koma tata. "Ya jefa gungumen gawayi cikin ruwa don tsoho ya ji ƙara, ya ce ya mayar. Dutsen yana ƙarƙashin buhu."

Shatu ta dubi ɗanta. Bai iya ɗaga ido ba.

"Ɗana na ciki," in ji muryar. "Barci yake. Rana ta yi mishi zafi ya shiga dutse ya kwanta."

Malam ya daina jan carbi.

"Na bi jirgin. Shiga ba ta yiwu gare ni ba, tsohon ga bai taɓa taka jirginsa ba bisimilla ba. Sai na manne ƙarƙashi, daidai inda ganga take. Katako ɗaya tsakanina da ɗana. Da asuba in ji ƙafar kuku, in ji ashana. Wutar kafe. Ɗana ya yi ta kirana. Rana ta take, wutar shinkafa. Yamma, wutar kifi. Bisa kaina ana dariya, ana kaɗa cokali, ana cewa kuku ya iya miya. Ana zubo mini ruwan wanke-wanke a fuska. In an ɗaure jirgi sun kwanta, in riƙa tura ruwa ta tsakanin katakai ko ya kai gare shi ya sanyaya. Da safe kuku ya ɗauki ƙwarya ya kwashe. Mu tahi Gaya, mu komo Yamai, mu tahi Gaya. Tun yana kirana da ƙarfi har ya koma ba ya iyawa. Na ce in ɗari ya wuce za a bar shi. Sai aka sa shi buhu aka hau mota, aka kawo shi inda ko raɓa babu, aka ba wagga yarinya ta ci gaba da hura mishi wuta."

Wasila tana kuka ba sauti, hawayenta na ɗiga bisa goshin ɗiyarta.

"Yana da rai?" in ji Malam.

"Da sauran. Bayansa ya tafi."

"Mi kike so?"

"Ɗiya madadin ɗa. Rijiyar bayan gari tana da hanya. In kai ta inda ɗana ya fito, ta yi mishi jinya har ta tsufa."

"Ba za a yi haka ba. Yarinya ba ta ɗauki komai ba, an ce ta hura wuta ta hura. Allahn da ya halicce ki ya halicce ta bai ɗora wa wani laifin wani."

"To a yanka mini baƙin bunsuru bisa dutsen, in sha jini in yi tunani."

"Ba a yanka wa kowa sai Allah. Ko kaza ba za ki gani ba. In kin ƙi fita ta lalama, zan ci gaba da karatu har ki ƙone."

Dariyar da ta yi ta sa jakin bayan rumbu ya tsinke igiya.

"Ƙona ni, Malam. Ku 'yan Adam mi kuka sani in ba ƙonawa ba?"

Malam Iliyasu ya sunkuyar da kai. Hasken yamma ya koma ja bisa katanga. Da ya buɗe baki muryarsa ta sauko.

"An zalunce ki. Ba zan ce ba a zalunce ki ba, don zan tsaya gaban Allah. Wanda ya ɗauko dutse shi zai mayar da shi da hannunsa, naɗe cikin jiƙaƙƙen zane, ba zai bari ya bushe ba har ya ajiye shi inda ya same shi. Ke kuma ki saki yarinya yanzu."

"Mayarwa daban. Ƙunar fa? Wa zai biya ƙunar?"

"Ki bar wa Allah."

"Na bar mishi. Amma da yarinyar zan tahi."

Jikin Hanifa ya fara zamewa bisa tabarma ya nufi ƙofar gida, kamar ruwa ke jansa, da matan biyu riƙe da shi. Igiyar ƙafar Shatu ta miƙe ta yi tauri har ta shiga nama. Malam ya ɗaga murya da karatu. Ruwa ya fara fita ta hancin yarinyar, ƙirjinta na ɗagawa kamar mai nutsewa.

Nan Nafi'u ya miƙe.

"Ki bar ta! Ni na ɗauko. Ni na yi ƙarya. Abin da za ki karɓa ki karɓa gare ni."

"Zauna!" in ji Malam. "Na ce kada ka tanka!"

Jikin ya tsaya. Fararen idanun suka koma kansa.

"Mi gare ka, kuku, da zan so?"

"Duk abin da kika gani."

Ta daɗe tana dubansa.

"Da wuta kake ci. Da wuta ka cuce ni. Ba ni wutarka."

"Kada ka amsa!"

Amma bakin da bai jira Hamani ba bai jira Malam ba.

"Na ba ki."

Malam ya runtse ido ya ce innalillahi. Ya juya ga yarinyar ya sa aljanar ta rantse da wanda ya halicce ta cewa ba za ta ƙara kusantar Hanifa ba, ko wani na gidan, ko rijiyar garin. Ta rantse. Ya ce ta fita ta ƙaramin yatsan ƙafa, kada ta taɓa ido ko kunne. Yatsan ya yi rawa a hannun Shatu. Hanifa ta yi atishawa, ta juya ta amayar da ruwa mai laka da 'yan ƙananan katantanwa a ciki. Iska ta dawo. Can masallaci ladan ya fara kiran magariba, kuma a karon farko tun farkon abin ba abin da ya faɗo.

Yarinyar ta buɗe ido, baƙinsu ya dawo. Ta dubi igiyar ƙafarta.

"Kaka, wa ya ɗaure ni kamar akuya?"

Shatu ta sunkuya ta kwance mata igiyar.

Da gari ya waye Nafi'u ya naɗe dutsen a zanen uwarsa, ya jiƙa, ya rungume shi a ƙirji, ya ɗauki bidon ruwa, wato jarka, ya hau mota. Duk tsawon hanyar Yamai yana zuba wa zanen ruwa, fasinjoji na matsawa nesa da shi. Da ya sami Hamani a bakin kogi ya buɗe gefen zanen, tsohon bai amsa gaisuwarsa ba. Ya kwance ƙaramin kwale-kwale kawai ya nuna masa ciki da haɓa. Suka gangara da kogi. A tsibirin, gurbin dutsen na nan cikin laka kamar jiya aka cire shi. Nafi'u ya yi bisimilla ya ajiye. Ya ce ya ji wani abu mai sanyi ya shafi bayan hannunsa, ya wuce.

Ya dawo Dogarawa ya tarar Hanifa ta koma lakwal, ƙunar bayanta ta fara bushewa. Ya ɗauka magana ta ƙare.

Kafin duk wannan yana da niyyar buɗe rumfar abinci a tashar Konni. Ya riga ya sayi manyan tukwane, ya kama wuri. Ranar da zai fara, ya jera itace ya ƙyasta ashana, ta mutu. Ya ƙyasta wata, ta mutu. Ya ƙarar da kwalin. Mai shayin da ke kusa ya ɗebo masa garwashi jajir a marfin kwano, Nafi'u na karɓa ya zama baƙin gawayi mai sanyi. Mai shayin ya dube shi, ya dubi tasa wutar da ta fara lanƙwashewa, ya ce don Allah ya ɗan matsa.

Ya koma wurin Malam Iliyasu. Malam ya yi masa addu'a, ya ce abin da aka ƙwace ana iya nemo shi, amma wannan da bakinsa ya bayar.

Ya sayar da tukwanen. Yau ruwa yake sayarwa, da jaki da amalanke da bidoji, daga rijiya zuwa gidaje. In lokacin girki ya yi, Wasila takan leƙo ta ce, "Maigida, za mu ɗora," shi kuma ya tashi ya fita ƙofar gida ya zauna har a sauke. Da ɗari, in maza sun kewaye wuta bayan sallar asuba, yana can gefe shi kaɗai cikin bargo, don ya san abin da zai faru in ya matso. Shayi bai ƙara ƙona masa harshe ba.

Hanifa ta girma, tana ɗakinta a Alela da 'ya'yanta, tabon na nan a bayanta. Duk zuwan da za ta yi gida ita ke karɓar girki. Ta tuƙa tuwo, ta yi miyar kuka da man shanu, ta ɗauko akushin da gudu tun daga murhu, tururi na dukan fuskarta, ta durƙusa gabansa.

"Baba, yi maza, da zafinsa."

Ya yi bisimilla ya kai hannu. Tururin ya tsaya. Man shanun ya daskare fari fat bisa miya tun bai kai loma baki ba. Ya ci, ya ce Allah ya yi mata albarka, ya cinye tas.